Kayan Mota Daga Firintar 3D: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota ya san wannan takaicin: inji lafiya lau, giya lafiya, amma maɓallin esi ya tsage, ko hannun buɗe ƙofa na ciki ya ɓalle. Ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano rumfa-rumfa, a ƙarshe a ce maka sai dai ka sayi allon gaba ɗaya, ko ka jira a farfasa wata motar irin taka. Irin wannan gurbin ne firintar 3D ta fi dacewa da shi. Ga tambayoyin da masu mota, kanikawa da matasan da ke son kama sana'ar suka fi yi.

Wai mece ce firintar 3D, kuma ta yaya take fitar da abu?

Na'ura ce da ke gina abu daga ƙasa zuwa sama, sahu kan sahu, yadda magini ke jera tubali. Wadda ta fi yawa a hannun mutane tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75 daga nadinsa, ta narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi wanda hujinsa yawanci milimita 0.4 ne, sannan ta riƙa shimfiɗa shi a kan faranti bisa zanen da aka ba ta daga kwamfuta. Kaurin kowane sahu bai cika wuce milimita 0.2 ba, don haka abu mai tsayin santimita biyu sahu ɗari ne cif.

Fasahar ta tsufa fiye da yadda ake zato. Chuck Hull ya nemi rajistar hanyar ƙandarar da ruwan roba da haske a Amurka a 1984, Scott Crump kuma ya ƙirƙiro hanyar narka zare a ƙarshen shekarun 1980, ya kafa kamfanin Stratasys. Abin da ya sauko da ita zuwa ɗakin talaka abu biyu ne: aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa, da kuma ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar Crump a 2009. Daga nan farashi ya rushe.

Me ake iya bugawa na mota?

Ƙananan kayan roba, kuma suna da yawa fiye da yadda direba ke lura. Maɓallan esi da na rediyo, fikafikan ramin iska, ƙugiyar da ke riƙe makarin rana, hannun murfin akwatin dashbod, ƴan maƙalan da ke riƙe allon ƙofa, murfin tsakiyar wili, murfin akwatin fiyus, kunnen fitilar gaba idan ya karye, madannin tagogi, da ƴan giyoyin roba na cikin madubin gefe. Sai kuma abin da kamfani bai taɓa yi ba sam: firam ɗin da zai karɓi sabuwar rediyo mai allo a ramin tsohuwa, mazaunin waya da ya hau dashbod ɗin motarka daidai, gidan ƙarin maɓallai, mariƙin kofi a motar da aka ƙera ba tare da shi ba. Masu adaidaita sahu da masu babura ma suna da rabonsu a nan.

Akwai wani fanni da ba a cika ambata ba, kuma a ganina ya fi sauran amfani ga gareji, wato kayan aikin bakanike kansa: ma'aunin daidaita farantin kuloci, samfurin huda rami a wuri guda kullum, mariƙin soket. Masana'antar Volkswagen Autoeuropa da ke Fotugal ta yi suna wajen buga irin waɗannan kayan aiki da ƙananan firintocin Ultimaker, maimakon ba da kwangilarsu waje.

Me ya sa tun farko ba a samun waɗannan ƙananan abubuwa a kasuwa?

Saboda kamfani da ma'aunin zubi na ƙarfe yake yin su, a tura narkakkiyar roba ciki da ƙarfi. Ma'aunin nan yana da tsada ƙwarai, ba ya mayar da kuɗinsa sai an fitar da dubbai. Idan mota ta tsufa a Turai ko Amurka, masu neman kayanta suka ragu, sai a daina zubin. To mu kuma lokacin ne motar ke sauka a tashar Kwatano ko Legas ta fara sabuwar rayuwa. Golf 3 da ke jigilar fasinja a hanyoyinmu an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarun 1970 har yanzu akwai masu riƙe da ita. Robar Baljiyam da za ka samu ta irin waɗannan motoci sa'ar taka ce a shekaru, ita ma ta bushe.

Manyan kamfanoni sun gane wannan lissafin. A 2016 sashen manyan motoci na Mercedes-Benz ya fara buga kayan gyara na roba iri 30, a 2017 ya ƙara da na ƙarfe na farko, murfin tamostat na alminiyam na tsofaffin motocinsa da masu suna Unimog. A 2018 Porsche ta sanar da cewa tana buga hannun sakin kuloci na motar 959, wadda guda 292 kacal aka taɓa ƙerawa. Babu mai sake yin ma'aunin zubi saboda mota 292. Zanen yana ajiye a kwamfuta, ranar da aka nema a buga.

Wace irin roba ya kamata a yi amfani da ita?

A nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe, kuma a yankinmu kuskuren ba ya ɓoyuwa. Robar da ake bayarwa tare da sabuwar firinta, wadda ta fi arha da sauƙin bugawa, ita ce PLA. Tana fitowa tsaf, tana da tauri a hannu, sai dai tana fara laushi daga kusan digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin salshiyos. A watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin inuwa ma yana haura 40. Motar da aka kulle a rana, saman dashbod ɗinta yana iya kaiwa 70 ko sama da haka. Mazaunin wayar da aka yi da PLA zai lanƙwashe kafin mai shi ya fito daga Masallacin Juma'a. Bidiyoyin da ake gani na Turawa suna saka PLA a mota, a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, kuma ko a can ɗin ana kuka da ita lokacin bazara. PLA ta gwaji ce: a buga da ita a ga ko awon ya yi daidai, sannan a koma ga robar gaske.

PETG tana jurewa zuwa wajen digiri 80, tana da ɗan danƙo, ba ta saurin tsagewa. Ta isa ga abin da ke ƙasa-ƙasa a cikin mota, inda rana ba ta duka kai tsaye, kamar cikin but ko ƙarƙashin kujera. A saman dashbod kuwa tana bakin iyakarta, musamman idan baƙa ce kuma tana ɗauke da nauyi.

ABS tana kaiwa kusan digiri 100, kuma da ita kamfanoni ke yin kaya da yawa na cikin mota. Matsalarta hasken rana: a hankali tana kodewa ta bushe. ASA ƴar uwarta ce, juriyar zafinsu kusan ɗaya, amma ita rana ba ta cin ta haka. Idan aka ce in zaɓi roba guda ga mai buga kayan mota a ƙasar Hausa, ASA zan ɗauka, ciki da waje. Dukansu biyu suna buƙatar bakin firinta ya kai digiri 240 zuwa 260, faranti kuma 90 zuwa 110, sannan a rufe na'urar cikin akwati, don iska na sa su janye su ɗaga daga gefe. Suna fitar da tururi mai wari wanda bai kamata a yi ta shaƙa ba, saboda haka kada a ajiye na'urar a ɗakin kwana.

Nailan, musamman wanda aka cakuɗa da zaren kabon ko na gilashi, shi ne na wurin wahala: giyoyi, maƙalai masu lanƙwasa, abubuwan da ke kusa da inji. Yana shan laimar iska da sauri, don haka da damina sai an busar da zaren kafin bugu, in ba haka ba ka ji yana ƙaras-ƙaras a baki, aikin ya fito duk kumfa. Mai zaren kabon kuma yana cinye bakin tagulla, sai an sa na ƙarfe mai tauri. TPU ita ce mai laushi, ta murfin ƙura, zoben da waya ke ratsawa a jikin bodi, da ƴan matasan da ke hana bonet ko ƙofa ƙara.

Ta yaya zan san da wace roba aka yi na asali?

Juya shi ka duba bayansa. Yawancin kayan roba na mota suna ɗauke da hatimi tsakanin alamomi biyu, kamar >ABS<, >PP<, ko >PA66-GF30<. Na ƙarshen nan yana nufin nailan mai kashi 30 cikin ɗari na zaren gilashi, kuma shi ake gani a kan lagireto da wuraren zafi. Idan ka ga wannan hatimin, injiniyan da ya zana abin yana gaya maka cewa wurin ba na wasa ba ne. Bamba kuwa galibi PP ce.

Abin da aka buga yana da ƙarfi kamar na kamfani?

Idan kaurinsu ɗaya, a'a. Na kamfani dunƙule guda ne, na firinta kuwa sahu ne da aka manna kan sahu, kuma mahaɗar nan ita ce rauninsa. Ka ja shi ta tsawon sahun ya yi gardama, ka ja shi ta yadda sahun zai rabu ya ɓalle da sauƙi. Shi ya sa yadda aka kwantar da abu a kan faranti yake da muhimmanci kamar robar da aka zaɓa. Maƙalin da aka buga a tsaye zai karye ranar farko, wanda aka buga a kwance, robar ɗaya, zane ɗaya, zai yi shekaru.

Amma mai zane yana da damar da kamfani ba shi da ita: ya riga ya ga inda na asalin ya karye. Zai iya ƙara kauri a nan, ya zagaye kusurwar da tsagar ta faro, ya sa haƙarƙari a baya. Ƙara yawan bangon waje zuwa huɗu ko biyar ya fi cika cikin da roba amfani. Inda noti zai shiga, kada a bar shi ya ci roba kai tsaye. Akwai ƴan gidajen noti na tagulla da ake nutsawa da kan ƙarfen soda mai zafi. Da irin wannan kula, hannun ƙofar da aka buga yana iya daɗewa fiye da na Baljiyam mai shekara ashirin da biyar.

Na ji an ce Bugatti sun buga burki. Me zai hana ni buga nawa?

Gaskiya ne sun buga. A 2018 Bugatti ta nuna kalifar burki ta ƙarfen taitaniyam mai nauyin kilo 2.9, wadda ta ɗauki awa 45 ana ginawa, sahu 2,213, a wata cibiya da ke Hambag ta Jamus. A 2020 Porsche, tare da kamfanonin Mahle da Trumpf, ta buga fistin na 911 GT2 RS wanda ya fi na da sauƙi da kashi 10 cikin ɗari. Sai dai waɗannan na'urori da taka suna kawai suka haɗa. Garin ƙarfe suke narkarwa da hasken leza a cikin rufaffen ɗaki mai iskar gas ta musamman, bayan bugu a gasa abin, a goge shi da injin yanka, a leƙa cikinsa da na'urar hoto, a gwada shi har sai an ga iyakarsa. Hannun kulocin 959 da na ambata an danne shi da nauyin kusan tan uku kafin a amince da shi.

Don haka maganata a nan ba ta da sassauci. Duk abin da ya shafi burki, sitiyari, ƙafar mota, notin taya, bel ɗin kujera, mazaunin kujera, ƙugiyar jan mota ko layin fetur mai matsi, kada a buga shi da firintar roba, ko da mai motar ya roƙa, ko da ya ce na kwana biyu ne. Roba tana gajiya ba tare da ta nuna alama ba, kuma motar haya ɗauke take da rayukan mutanen da ba a yi shawara da su ba. Tambayar da mai bugawa zai yi wa kansa ita ce: idan wannan abu ya karye mota tana gudun kilomita 100 a hanyar Zariya, me zai faru? Idan amsar ita ce direba zai yi tsaki, a buga. Idan ta wuce haka, a je a nemo na asali.

Kayan ado ma suna da nasu haɗarin. Kada a manna komai a wurin da aka rubuta SRS ko AIRBAG, ko a tsakiyar sitiyari, don jakar iska idan ta fashe da shi za ta harbo fuskar mutum. Kada kuma a sa abin da zai iya faɗowa ya shige ƙarƙashin fedar burki.

Cikin bonet fa?

Ya danganta da wurin. Murfin akwatin fiyus, maƙalin waya, murfin tankin ruwan wanke gilashi, bututun iska kafin ta isa inji, duk ana yi da ASA ko nailan idan sun yi nesa da salansa. Abin da ruwan lagireto ke bi ta ciki kuwa yana fama da zafin kusan digiri 90 da matsi a lokaci guda, kuma tsakanin sahu yana iya tsatsafo. Idan ya fashe a hanya, inji ne zai ƙone. Fetur yana lalata ABS da ASA, man burki ma yana cin robobi da yawa. Nailan ya fi jure bakin mai da fetur, amma jure sinadari daban, riƙe matsi daban.

Nawa ya karye, kuma ba ni da zanensa. Ya za a yi?

Da farko kada ka zubar da gutsattsarin. Tattara su duka ka kai, tare da motar idan zai yiwu, don ramin da abin zai shiga ya fi karyayyen faɗin gaskiya. Mai aikin zai fara leƙa rumbunan zane na intanet irin su Thingiverse da Printables, inda ake samun na motocin da suka yaɗu a duniya kyauta. Sai dai a yi hattara: mota ɗaya tana iya bambanta tsakanin ta Amurka da ta Turai, ko tsakanin shekara da shekara.

Idan babu, sai zane daga tushe, kuma wannan shi ne ainihin sana'ar. Ana awo da kalifa mai nuna lamba, wato ma'aunin kauri da faɗi, a zana a manhajar FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Fusion 360, ko Tinkercad ga abu mai sauƙi. Daga nan wata manhaja kamar Cura ko PrusaSlicer ta yayyanka zanen sahu-sahu ta miƙa wa firinta. Akwai dabaru da ke rage wahala. Idan na hagu ne ya karye na dama yana nan, a zana na daman a juya shi a kwamfuta. Idan abin shimfiɗaɗɗe ne, a ɗora shi a kan sikanar takarda tare da rula, a bi hoton. Inda abu biyu za su shiga juna, a bar ratar kusan milimita 0.2. ABS da ASA suna ɗan tsukewa idan sun huce, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ba a ji a maɓalli amma ana ji a firam ɗin rediyo. Kuma maimakon buga abu gaba ɗaya don gwaji, a buga bakin da zai shiga ramin kawai. Na farko bai cika zama daidai ba, kuma wannan ba gazawar mai aikin ba ce. Gwaji biyu ko uku cikin aikin yake, a sa shi cikin ciniki tun farko.

Ba zan iya ɗaukar hotonsa da waya kawai ba?

Akwai manhajojin da ke haɗa hotuna da yawa su fitar da siffa, kuma suna taimakawa wajen kama lanƙwasar dashbod ko bamba. Amma baƙin abu mai sheƙi yana rikita su, sai an fesa masa hoda, kuma ba sa kama ƙananan haƙora da ramukan noti daidai. Bayan haka, hoton karyayyen abu karyayyen zane yake bayarwa. Dole dai wani ya zauna ya gyara.

Idan ƙarfe nake so fa?

Hanya biyu ce. Akwai kamfanoni, yawancinsu a Sin da Turai, da ake tura wa zane ta intanet su buga da alminiyam, bakin ƙarfe ko garin nailan su aiko. Da tsada, da jira, amma ga abin da babu shi ko'ina yana iya biya.

Hanya ta biyu ita ta fi ba ni sha'awa, don rabin ilminta yana hannunmu tuntuni. Masu zubin alminiyam a Panteka ta Kaduna, da na kasuwar Katako a Yamai, sun ƙware wajen danna samfuri cikin yashi su zuba narkakken ƙarfe. Abin da ke iyakance su shi ne samfurin: sai an kawo abu lafiyayye su kwaikwaya. Firinta tana iya ba su samfurin abin da ya riga ya farfashe, ko wanda ba a taɓa yi ba, kuma a nan PLA mai arha ta wadatar. A ƙara girman samfurin da kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari saboda alminiyam yana tsukewa, a bar nama a inda mai injin dira zai goge. Ana samun hannaye, murafai da maƙalai masu kyau ta haka. Gargaɗin da ya gabata yana nan daram, domin alminiyam ɗin da aka narka daga tarkace ba a san haɗinsa ba, kuma yana iya ɓoye kumfa a ciki.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu fa?

Wannan ita ce babbar damuwar mai firinta a wajenmu. Yawancin na'urorin yanzu suna iya ci gaba daga inda suka tsaya, amma da sharaɗin abin bai saki faranti ba. ABS da ASA da zarar faranti ya huce sukan ɓalle, ko su bar tabon rauni a daidai sahun da aka tsaya. Abin farin ciki, ƙaramar firinta ba ta da ci: tana jan wat 300 zuwa 350 lokacin ɗumama, sannan ta sauka zuwa ɗari da wani abu. Inbata da batir da ƴan allunan sola sun riƙe ta. Wanda zai sayi firinta ya sa kuɗin wannan cikin lissafi tun ranar farko.

Ƙurar hunturu ita ce ta biyu. Tana manne wa zare ta toshe baki, tana hana sahun farko kama faranti. Akwatin da aka rufe na'urar da shi saboda ASA yana maganin wannan ma, zaren kuma a adana shi a rufaffen bokiti da ƴan jakunkunan shan laima.

Awa nawa yake ɗauka, kuma ya tsadarsa?

Maƙali minti ashirin zuwa talatin, maɓalli kusan awa guda, firam ɗin rediyo rabin yini ko fiye. Sababbin na'urori masu sauri sun rage wannan sosai. Robar kanta ba ita ce kuɗin ba: nadi guda kilo ɗaya ne, maƙali kuwa giram biyu ko uku. Abin da ake biya shi ne zaman awo da zane. Shi ya sa na farko yake da tsada, na goma ya yi arha. Idan abin yana nan a kasuwa sabo da sauƙin kuɗi, kamar maƙalan bamba da ake sayarwa a leda, saye ya fi.

Zai yi kyau kamar na asali, ko layukan za su riƙa nunawa?

Suna nunawa idan aka bar shi yadda ya fito. Wanda ke ɓoye ba ya buƙatar komai. Wanda ido ke gani kuwa aikin fanelbita ne da kowa ya sani: sanfefa, fila, fenti na ƙasa, sannan launi. ABS da ASA ana iya sulɓe su da tururin asiton, sai dai yana kama wuta da sauri, kuma yana cinye kaifin gefuna. Farantin firinta wanda ba sumul ba yana ba fuskar abu ɗan kaushi irin na dashbod, wanda sau da yawa ya wadatar ba tare da fenti ba.

An taɓa buga mota sukutum?

Gangar jikinta dai. A 2014 kamfanin Local Motors ya buga jikin wata ƙaramar mota mai suna Strati a wani baje kolin masana'antu a Shikago, cikin awa 44. Injin lantarkinta, batir, tayoyi da ƙafafu duk na gargajiya aka ɗaura. Kamfanin ya rufe a farkon 2022.

Akwai matsalar doka?

Gyara maɓallin motarka ba ya jawo wa kowa magana. Inda ake shiga hurumin wasu shi ne buga tambarin kamfani don sayarwa, ko sayar da bugagge da sunan na asali, wanda ha'inci ne ko ba a je kotu ba. A gaya wa mai saye gaskiya: bugawa aka yi, da roba kaza. Zanen da aka sauke daga intanet ma yana zuwa da sharaɗi, wasu an yarda a yi amfanin kai ban da kasuwanci, don haka a karanta. Lambar mota kuwa ta hukuma ce, ba abin bugawa ba ce.

Wannan ba zai kashe kasuwar masu sayar da kayan gyara ba?

Ban ga alama ba. Abin da ke tafiyar da kasuwannin Ƙofar Ruwa, Ladipo ta Legas ko Nnewi shi ne inji, giya, shokoba, burki, fitilu, kuma firintar roba ba ta taɓa ko ɗaya. Abin da take ɗauka shi ne cinikin da ɗan kasuwa ke cewa "babu" a kansa. Hasali ma shi ya fi kowa sanin abin da ake yawan tambaya ba a samu. Mai rumfar da ya haɗa kai da yaro mai iya zane ya ƙara wa kansa kaya ne.

Ina so in kama sana'ar. Daga ina zan fara?

Daga zane, kafin ka kashe ko sisi a kan na'ura. Sauke FreeCAD, sayi kalifa, ɗauki karyayyun robobi daga garejin unguwarku ka yi ta zanawa har awonka ya daina kuskure. Wanda ya iya danna maɓallin bugu kawai, duk wanda ya sayi firinta gobe ya kamo shi.

Wajen na'ura, Creality Ender 3, wadda ta fito a 2018 a kan kusan dala 200, ita ta koya wa mutane da yawa aikin, kuma kayan gyaranta suna da sauƙin samu. Sai dai a buɗe take, kuma tsohon samfurinta yana da bututun da ba ya son zafin da ya wuce kusan digiri 240, don haka sai an yi mata akwati an sauya mata kai kafin ta yi ASA da nailan yadda ya kamata. Rufaffun na'urori irin na Bambu Lab da Prusa sun fi tsada, amma sun zo a shirye. Ko wacce za ka saya, tabbatar bakinta yana kaiwa digiri 280 zuwa 300, farantinta 100, kuma za ka iya samun zaren ASA a kai a kai, don na'ura ba zare ajiya ce.

Sannan ka zaɓi mota biyu ko uku da suka cika garinku, ka san robobinsu ciki da bai. Ka yi abota da masu rewaya da masu gyaran esi, su ne ke buɗe dashbod kullum, a hannunsu maƙalai ke karyewa. Duk zanen da ya zauna daidai, ka adana shi da sunan mota, shekararta, robar da ka sa da yadda ka kwantar da shi. Kafin ka sayar da sabon abu, ɗaura shi a motar wani na kusa ya sha ranar Maris da Afrilu tukuna.